Kandaji: barajin da ya girme mu

Ƴan uwana ɗalibai, a watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke mana kuran saboda takunkumin CEDEAO, da tocila na riƙa bitar darasi a Maradi. Cikin duhun nan na fara tambayar kaina: kogin Isa ya ratsa ƙasarmu, to ina namu barajin?

Da na bi tarihin, raina ya ɓaci. Najeriya ta gama barajin Kainji a 1968, kuma tun shekarun 1970 muke sayen wuta wurinta. A shekarun nan ne aka fara zancen Kandaji, kusa da Ayoru a jihar Tilaberi. Sai 2008 shugaba Tanja Mamadu ya aza tubali. Wani kamfanin Rasha ya karɓi aikin, abu ya ƙi gaba, aka soke kwangilar a 2013. A 2019 aka sake farawa da kamfanin Sin. Megawat 130 ake fata.

Shin zai yiwu a kai shi ƙarshe? Ni dai na ce e, amma sai an dubi abu uku. Ruwa: a 1985 kogin ya daina gudu a Yamai, don haka kada a yi lissafi da damina kaɗai. Mutane: dubbai za su bar gidajensu da gonakinsu, dole a ba su madadi na gaskiya. Tsaro da kuɗi: injiniya ba ya aiki inda ake harbi, kuma kuɗin waje kan tsaya dare ɗaya, kamar yadda kuran ya tsaya mana.

Duk wanda ya ce mana "an kusa", mu tambaye shi waɗannan ukun.