Fadamar Katsina-Laka da Zuwan Injin Ban-Ruwa

Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau, ya cika madatsar Bakolori, sannan ya je ya haɗu da Rima, daga ƙasar Funtuwa ya faro. A can mafarinsa ba shi da kwarjinin gulbi. Ƙoramu ne da rafuka da ke gangarowa daga tudu, su cika su batse a watan Agusta, su koma rairayi da 'yan kududdufai kafin bazara. A bakin irin waɗannan ruwaye ne ƙauyuka kamar Mairuwa, da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, suka zauna. Tarihin da aka saba bayarwa na wannan yanki tarihin tudu ne: auduga, jirgin ƙasa, takin zamani. Ba a cika waiwayar kwari ba, alhali a can ne aka yi canjin da ya fi taɓa zaman mutane da juna.

Tun kafin jihadi ana kiran kudancin ƙasar Katsina da suna Katsina-Laka, saboda ƙasarsa mai nauyi da riƙe ruwa, saɓanin jigawar arewa. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna matsayin garuruwa irin su Maska da Gozaki a harkar auduga da saƙa. Wato Turawa ba su kawo auduga nan ba. Sun tarar da ita, suka karkatar da ita zuwa masaƙun Ingila. Aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, aka buɗe gonar iri a Daudawa, kuma a ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya wuce Gusau har Ƙauran Namoda. Funtuwa ta bunƙasa har ta shafe Maska, uwar da ta haife ta.

Duk wannan hada-hada a kan gonar damina aka yi ta. Fadama kuwa tana nan da tsohon tsarinta, kuma tsarin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba a takarda yake ba. Rabo ne na lokaci, ba na fili ba. Da damina kwari na mai shinkafa ne da mai rake. Idan ruwa ya janye bayan kaka, mai lambu ya kafa jigo a bakin rafi, yana ɗebo ruwa guga-guga yana zuba wa albasa da barkono da taba. Jigo aiki ne mai karya ƙugu, saboda haka lambu ba ya wuce abin da mutum ɗaya da 'ya'yansa za su iya shayarwa. 'Yar siririyar gaɓa ce kawai ake shingewa da ƙaya. Sauran fadamar, da ɗanyar ciyawarta, na shanu ne. Bafulatani ya gama kiwon karan dawa a gonakin tudu, inda manomi ke murna da zuwansa saboda taki, sai ya gangaro ta burtali zuwa mashaya. Can cikin bazara, da ruwa ya ƙafe saura gurbi-gurbi, masunta su shiga su. Mai ginin tukwane ta haƙi yumɓunta, magina su buga tubali, mata su yi wanki a tona rairayi a sami ruwan sha.

Kada a ɗauka zaman aljanna ne. Shanu sun sha fasa shinge, an sha kai ƙara gaban mai unguwa da dagaci, an sha biyan diyyar ɓarna. Amma rigimar tana da iyaka, domin ba kowa ke son ruwan a wata ɗaya ba.

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya sa gwamnati ta fara kallon kowane ɗigon ruwa da idon lissafi. A 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gwambe. Shirin ya shimfiɗa hanyoyin karkara, ya buɗe cibiyoyin sayar da taki, ya gina ƙananan madatsun ruwa, ya kuma yaɗa masara har ta ture dawa daga gonaki da yawa. Hanyoyin nan su ne suka fara sauya darajar kwari: tumatir da a da zai ruɓe a kan jaki, yanzu mota na iya zuwa har bakin lambu ta ɗauke shi.

Abin da ya kammala juyin ƙaramin abu ne, injin ban-ruwa mai shan fetur wanda ake ɗaurawa a bayan babur. Ya fara yaɗuwa a shekarun 1980, sannan Shirin Fadama na ƙasa, wanda ya kankama a farkon shekarun 1990, ya haɗa shi da rijiyar burtsatse marar zurfi da ake kafawa a cikin kwarin kansa. Aikin da jigo zai wuni yana yi, inji ya gama shi kafin hantsi. Lambu ya tashi daga gaɓa ya mamaye fadama gaba ɗaya, daga hunturu har faɗuwar ruwa.

Ribar ba ƙarya ba ce, kuma duk wanda ya raina ta bai san yunwar bazara ba. Saurayin da a da zai tafi cin rani Kano ko Kaduna ya sami aikin yi a gida. Ƙasar Ɗanja ta yi suna da tumatir, manyan motoci na lodi zuwa Legas. Kuɗin rani ya yi rufin kwano, ya yi aure, ya kai mutane Makka. Sai dai filin da a da ake ba baƙo aro kyauta ya zama abin haya da jingina, kuma mai kuɗin gari, ɗan kasuwa ko ma'aikaci, ya fi ɗan ƙauye ƙarfin riƙe shi. Kasadar ma ta ƙaru: a 2016, da tsutsar nan ta afka wa tumatir a jihohin Arewa, waɗanda suka zuba jarinsu duka a kwari sun tashi da bashi.

Wanda ya fi kowa asara shi ne mai haƙƙin da ba a rubuce ba. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi maganar dazuzzukan da za a keɓe, amma ɗanyar ciyawar watan Maris ba a daji take ba, a fadama take. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta san mai gona. Ba ta da gurbin da za ta rubuta mutumin da haƙƙinsa shi ne ya wuce da garke sau biyu a rana na wata uku. Burtali ya tsuke, mashaya ta zama kwamin albasa. Masu tsara shirin su ma sun gane haka daga baya, shi ya sa zango na biyu na Shirin Fadama, a shekarun 2000, ya tanadi a sa makiyaya da masunta cikin ƙungiyoyin masu amfani da fadama. A lokacin an riga an kafa shingayen.

Kuskure ne a ɗora ta'addancin da ya addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume a kan injin ban-ruwa. Wannan masifa tana da saiwoyi da yawa, daga satar shanu zuwa yaɗuwar bindiga da raunin shari'a. Amma a shekarun da ake zaman sulhu a yankin, cikin ƙorafin da wakilan makiyaya suka riƙa maimaitawa akwai batun burtali da mashaya, wato wuraren da shekaru hamsin da suka wuce ba wanda ya ga dalilin auna su da igiya.