AUDU BAKO: GWAMNAN DA YA TARE RUWA, YA ƘARE RAYUWARSA A GONA



Duk manomin da ya taɓa kafa injin ban-ruwa a bakin Kogin Haɗeja, daga Ringim zuwa Taura har Auyo, yana cin gajiyar aikin wani mutum da ya rasu tun 1980, ko da bai taɓa ganin hotonsa ba. Ruwan da yake ja a watan Maris, lokacin da a da kogin yakan koma yashi zalla, kaso mai yawa daga madatsar ruwa ta Tiga yake gangarowa. Wanda ya gina Tiga kuwa shi ne Alhaji Audu Bako, gwamnan farko na tsohuwar Jihar Kano, wadda a wancan lokaci ta haɗa har da ƙasar da muke kira Jigawa a yau. Ɗan sanda ne da ya yi mulki shekara takwas, aka sauke shi, ya koma noma, ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya 11.

An haifi Audu Bako a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa yake aiki. Ya yi karatu a Kaduna, sannan ya wuce Midil ta Zariya. A 1942 ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda. Ya koyar da dokokin aiki a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, ya yi ta hawa har ya zama mataimakin kwamishina mai kula da 'yan sandan En'e, wato 'yan doka, na Jihar Arewa baki ɗaya. Wannan muƙami ya haɗa shi da fadojin sarakuna da ofisoshin En'e, ya san yadda mulkin ƙasa yake tafiya tun daga sarki har dagaci. Sanin nan ya yi masa amfani daga baya.

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba Najeriya jiha 12. Jihar Kano ta ƙunshi masarautu huɗu: Kano, Haɗeja, Gumel da Kazaure. Taura a lokacin tana ƙasar Ringim ne, ƙarƙashin Masarautar Kano, zamanin Sarki Ado Bayero. Aka naɗa Audu Bako gwamna. Ko wata biyu ba a yi ba yaƙin basasa ya ɓarke, aka yi ta yi har Janairun 1970. Ke nan sabuwar jihar ta fara tsayuwa da ƙafarta ne a lokacin da hankalin gwamnatin tarayya da kuɗinta suke fagen daga.

Ƙasar da ya tarar ƙasar manoma ce mai cunkoson jama'a. Damina wata huɗu ce, in ta yi kyau. Manomi ya shuka gero da dawa da wake don ci, ya shuka gyaɗa don kuɗin haraji da sutura. Layin dogo da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Ringim da Taura da Malam Madori, shi yake kwashe gyaɗar zuwa Kano, inda ake jera buhunanta dala-dala. Da an gama kaka sai aiki ya ƙare. Masu fadama kaɗan su yi lambu da jigo, sauran magidanta da samari su bar iyali su tafi cin rani. Ruwan da ya sauka a Agusta kuwa ya wuce gabas, ba mai riƙe shi.

Riƙe wannan ruwa shi ne babban aikin Audu Bako. A 1969 aka fara gina madatsar Bagauda, wadda ta shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Da aka ga abin ya yiwu, sai aka shiga babban aiki a kan Kogin Kano, wato Tiga, aka kammala a 1974. Daga Tiga aka ja babbar hanyar ruwa, ta rarrabu zuwa ƙanana, ruwa yana gangarowa da kansa ba tare da inji ba, yana shiga gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ana cikin wannan aiki ne fari ya afka wa ƙasashen Sahel, ya tsananta a 1973, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi tsada. A 1975 kuma cuta ta lalata gyaɗa a Arewa, dalar gyaɗa ba ta sake komawa yadda take ba. Waɗannan masifu biyu suka nuna wa kowa hatsarin dogaro da damina kaɗai da amfanin gona guda. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da alkamar da ake nomawa a yankin da rani, duk daga wannan aiki suka samo asali.

Bai tsaya kan ruwa ba. Ya yi gyara a tsarin En'e, ya mayar da wasu ayyukanta hannun gwamnatin jiha, abin da ba kowa ya ji daɗinsa a fada ba. Ya matsa a kan karatun 'ya'ya mata, yana kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, domin ya san cewa uban da ke ƙauye ba zai saki 'yarsa don maganar gwamna ba, amma zai saurari maganar Shehu. Ya gina gidan zu na Kano, inda har yau iyaye suke kai yara kallon namun daji da Sallah. Gidan zun, da sakatariyar gwamnatin jiha, da Kwalejin Aikin Gona ta Ɗambatta, duk sunansa suke ɗauke da shi yanzu.

To, amma ruwa in ka tare shi a sama, na ƙasa ne yake jin labari. A nan ne tarihin Audu Bako ya shafi mutanen Taura kai tsaye. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta ƙasar Ringim da Taura, ya wuce Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru. Kafin Tiga, kogin yana da ƙa'idarsa. A Agusta da Satumba ya cika ya malala cikin fadama, ya bar laka mai taki. Manomi ya noma shinkafa a cikin ruwan, in ya janye ya shuka wake ko rogo a danshin da ya bari. Masunta su kama kifi, makiyaya su sami ciyawar rani, rijiyoyi su cika. Da rani kuma kogin ya ƙafe.

Tiga ta sauya wannan ƙa'ida, madatsar Challawa da aka kammala a 1992 ta ƙara sauya ta. Cikar damina ta ragu a shekaru masu ƙarancin ruwa, fadamu da yawa a gabas suka daina samun malalar da suka saba. Da rani kuma, maimakon kogin ya bushe, sai ya riƙa gudana a hankali saboda ruwan da ake saki. Wannan ya buɗe wa mutanen bakin kogi ƙofar noman rani, musamman bayan ƙananan injinan ban-ruwa sun yawaita. Buhunan shinkafa da kwandunan kayan miya da ake saukewa a kasuwar Gujungu suna cikin ribar wannan sauyi. Sai dai hanyar ruwan da ba ta bushewa ita ce gidan kacalla. Ciyawar ta cika hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja, yashi ya taru a gindinta, ruwa ya rasa mafita ya koma cikin gonaki da gidaje, tsuntsayen jan-baki kuma suka sami maɓoya suna cinye hatsi. A shekarar da ruwa ya yi yawa har madatsun suka tumbatsa, kamar 2001, garuruwan bakin kogi a Kano da Jigawa sun yi asarar rayuka da gidaje da amfanin gona. A shekarun 1990, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da fadamun Haɗeja da Nguru suke samarwa na noma da kifi da itace, suka nuna cewa ruwan ya fi riba a fadama fiye da a gonakin ban-ruwa na sama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: manomin Kura da manomin Guri ba za su ba ka labarin Tiga iri ɗaya ba, kuma kowannensu gaskiyarsa yake faɗa.

Ranar 29 ga Yuli, 1975, sojoji suka kifar da gwamnatin Gowon, Murtala Muhammed ya hau mulki, aka sauke gwamnonin jihohi 12 gaba ɗaya. Sabuwar gwamnati ta binciki dukiyoyinsu, kuma biyu kaɗai binciken ya wanke: Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Audu Bako ba ya cikin biyun. Masoyansa ba su cika son a tabo wannan ba, amma yana cikin tarihinsa kamar yadda Tiga take ciki.

Abin da ya yi bayan saukarsa shi ya sa sunansa ya dace da manoma. Yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya san manya a ko'ina, ya koma tsohuwar Jihar Sakkwato ya kama noma. Mutumin da ya shekara takwas yana sa hannu a takardun madatsun ruwa, sai ga shi yana duban gabas yana jiran hadari kamar kowane magidanci mai iyali a wuyansa. A kan wannan sana'a ajali ya same shi a 1980. Shekara 11 bayan rasuwarsa, ranar 27 ga Agusta, 1991, aka cire Jigawa daga Kano, madatsun suka zauna a jiha ɗaya, yawancin fadamun da suke shan ruwansu suka koma wata. Har yau dattawa a jihohin biyu in ana zancen gwamnonin da suka yi aiki, sunansa ne a farko, domin aikinsa ana ganinsa da ido, ana kuma ci daga gare shi.

'Yan'uwa marubuta, a Taura da Gujungu da ƙauyukan bakin kogi akwai dattawan da suka yi noma kafin 1974, suka kuma yi bayanta. Sun san inda ruwa yake tsayawa a da, sun san irin shinkafar da aka daina shukawa, sun san shekarar da jigo ya ba inji wuri, da shekarar da maigida ya daina tafiya cin rani ya zauna da iyalinsa. Tarihin gwamna yana rubuce a takardun gwamnati, nasu kuwa yana bakinsu, kuma kowace shekara ana rage su. Wanda yake neman abin rubutawa ya ɗauki littafi da biro ya je ya zauna da su. Ya tambayi sunan fadama da sunan iri da farashin mudu, ya rubuta yabo inda aka yi yabo, ya rubuta kuka inda aka yi kuka.

Allah ya jiƙan Alhaji Audu Bako, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan iyayenmu manoma da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.