Kurege

kurege (suna, namiji): ƙaramar dabbar daji ce dangin ɓera, mai gashi ruwan ƙasa, da farin zane a kowane gefe daga kafaɗa zuwa ƙugu, da doguwar wutsiya mai buzu-buzu. Masana na kiransa Xerus erythropus. Nauyinsa ba ya cika wuce kilo 1. Ana samunsa a filayen ciyawa da gonaki tun daga Senegal har Habasha da Kenya, ƙasar Hausa kuwa gidansa ce.

Ba mahayin itace ba ne. Rami yake haƙawa, ko ya gaji tsohon suri. Da hantsi yake fita kiwo, in rana ta take ya laɓe a inuwa. Yana cin tsaba, saiwa, ƙwari da ƙwai, amma gyaɗa ce masoyiyarsa: sai ya tone irin da aka shuka jiya, ya miƙe tsaye yana ɓarewa da ƙafafun gaba, ya binne saura. Manomi ba ya yi masa kallon rahama. Shaho, maciji da karnukan yara kan farauce shi.

A tatsuniya gwanin wayo ne, ko da yake bushiya ta taɓa raba shi da raminsa.

*Misali:* Kurege ya gama mini da gyaɗa bana.