Daga Ijaza Zuwa Kiredit: Tarihin Karatu Daga Nesa a Ƙasar Hausa da Birnin Kaduna



Abin da ya jawo wannan lacca wani al'amari ne da ya sami wani tsohon ɗalibina, akawu a wata ma'aikata, mazaunin Kudenda, can ƙetaren kogin Kaduna. Wannan bawan Allah ya shafe fiye da shekara yana ɗaukar gajerun kwasa-kwasai na wasu jami'o'in ƙasashen waje ta intanet, kullum bayan sallar lisha, da 'yar wayarsa ta hannu, in an ɗauke wuta ya kai ta wurin masu caji ya biya. Ya gama kwas biyar a fannin lissafin kuɗi da tafiyar da ofis, ya buga shaidarsu a takarda mai kauri, ya kai wa magabatansa lokacin ƙarin girma. Aka duba, aka yaba masa, aka mayar masa da abinsa, aka ce tsarin aiki bai san da irin waɗannan takardu ba. Ya nufi wata jami'a ko za a lissafa masa su a rage masa ko da zango ɗaya, nan ma aka ce sai dai ya faro daga aji ɗaya. Da ya kawo mini kukansa, tambayar da ya yi ita ce: "Malam, shin karatun ne ban yi ba, ko kuwa takardar ce ba ta da uba?" Wannan tambaya ta girmi intanet nesa ba kusa ba, shi ya sa na ga ya kyautu mu bi ta tun daga tushe.

Da farko dai, kada wani ya zaci tara ilmi guntu-guntu daga hannun malamai daban-daban baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Karatun zaure a kan haka aka gina shi. Almajiri yakan sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya a wurin malamin unguwarsu, ya tashi ya tafi wani gari neman wanda ya shahara a Risala ko Muhtasar, daga nan ya sake ɗaukar gafakarsa ya nufi wanda ya gagara a nahawu don ya karanta Alfiyya. Kowane littafi kwas ne mai zaman kansa, yana da farko yana da ƙarshe, kuma idan ɗalibi ya ƙware malam yakan ba shi ijaza, watau izinin ya karantar da wannan littafi, tare da jerin sunayen malaman da littafin ya biyo ta hannunsu har zuwa ga mawallafinsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar mana cikakken misali a littafinsa Ida'un Nusukhi, wanda ya rubuta a 1812, inda ya lissafa malamansa ɗaya bayan ɗaya da abin da ya karanta a wurin kowannensu. Ga wanda ya san aikin ofishin rajistara, wannan ba kome ba ne illa takardar sakamakon karatu. Abin lura a nan shi ne, ijazar da aka bayar a Katsina ana karɓarta a Zazzau, ana karɓarta a Agadas, har a Masar, domin kowa ya san wanda ya bayar da ita da wanda ya ba shi. Takardar tana da uba, har da kakanni.

Sai dai ijaza tana bukatar ɗalibi ya je ya durƙusa gaban malam. Wadda ta juya al'amarin, ta sa karatu ya riƙa zuwa wurin ɗalibi, ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ta tsara ƙungiyar 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, ta ɗora wa kowace jaji malfa a ka alamar izini, suka riƙa ɗaukar waƙoƙinta na koyar da addini suna kai wa matan ƙauyuka waɗanda aure da raino suka hana su tafiya neman ilmi. A ganina duk wanda zai rubuta tarihin karatu daga nesa a Nijeriya bai fara daga nan ba, to ya fara daga tsakiya.

A can ƙasar Turai kuwa gidan waya ne ya buɗe ƙofa. A 1840 Isaac Pitman ya fara koyar da gajeren rubutu ta wasiƙa a Ingila. A 1858 Jami'ar London ta yarda mutum ya zauna jarrabawar digirinta ba tare da ya taɓa taka ajinta ba, kuma daga 1887 aka fara zama jarrabawarta a Legas. A wancan lokaci jami'ar ba ta koyar da irin waɗannan ɗalibai, jarrabawa kawai take yi musu. Koyarwar sai wasu makarantun kuɗi suka ɗauka, irin su Wolsey Hall ta Oxford da Rapid Results College, waɗanda ke aiko da darussa cikin ambulan, ɗalibi ya amsa ya mayar, a gyara a sake aiko masa. Ta wannan hanya Alvan Ikoku ya sami digirinsa a ƙarshen shekarun 1920, Obafemi Awolowo kuma ya sami na kasuwanci a 1944, alhali kuwa ba a buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan ba sai a 1948, Jami'ar Ahmadu Bello kuwa sai a 1962. Arewa ta makara a wannan fage, don kuwa karatu ta wasiƙa sai wanda ya riga ya iya Ingilishi, makarantun da ke koyar da shi kuma ƙalilan ne. Da Kaduna ta cika da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa, aka kuma buɗe masaƙa ta farko a Kakuri a 1957, sai ambulan ɗin nan suka fara yawa a akwatunan gidan waya. Ina yaro na tarar da wata adakar ƙarfe a ɗakin wani kawuna da ya yi aikin masaƙa, cike da irin waɗannan darussa, an bi su da jan biro daga Ingila. Ya gaya mini tsakanin aika amsa da dawowar gyara akan yi wata guda ko fiye. Amma ranar da ya ci jarrabawar, ba wanda ya tambaye shi a ina ya yi karatun, domin takardar ta hukumar jarrabawa ce da kowa ya sani, ba ta makarantar wasiƙa ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Gwamnati ba ta shiga wannan harka gadan-gadan ba sai da tilas ta kama ta. A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi dafifi fiye da yadda aka ƙiyasta, aka rasa malaman da za su tsaya a gabansu. Aka ɗebi waɗanda ba su da horo aka zuba a azuzuwa, kuma ba dama a kwashe su a kai su kwaleji, don in an kwashe su wa zai riƙe ajin? Wannan ne dalilin kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, wadda aka ba ta dokarta a 1978, mazauninta kuma yana Rigachikun a kan hanyar Zariya. Dabararta ita ce a buga darussa a rarraba, malami ya karanta a gida, ya halarci cibiyar karatu ranar Asabar da lokacin hutu, yana nan kuma a bakin aikinsa. Ta fara da takardar malanta mai daraja ta biyu, daga 1990 ta shiga ba da takardar NCE. Ban ce duk wanda ya fito daga wannan shiri gwani ne ba, kuma wanda ya tuna jarrabawar da Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, inda aka ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi, ya san akwai gyara a duk hanyoyin horar da malamai, na nesa da na kusa. Amma takardar Rigachikun gwamnati ta san da ita, ana ƙarin girma da ita, ana fansho da ita.

Labarin jami'a shi ne mai ban takaici. Ingila ta kafa buɗaɗɗiyar jami'arta a 1969, ta ɗauki ɗaliban farko a 1971, tana koyarwa ta rediyo da talabijin da gidan waya. Shugaba Shehu Shagari, wanda shi kansa tsohon malamin makaranta ne, ya so a yi irinta a nan, ya sa hannu a dokarta a watan Yuli na 1983, Farfesa Afolabi Ojo ne shugabanta na farko. Ba ta kai ga yaye ko mutum ɗaya ba soja suka karɓi mulki, a watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita. Haka ta kwanta shekara goma sha takwas, sai a 2002 Shugaba Olusegun Obasanjo ya tashe ta, Farfesa Olugbemiro Jegede ya ja ragamarta, aka kuma ba ta ginin tsohuwar Cibiyar Fasahar Koyarwa ta Ƙasa da ke kusa da filin baje koli na Kaduna. Ku ƙiyasta akawu nawa da malami nawa da ma'aikacin jinya nawa suka yi ritaya a cikin waɗannan shekaru ba tare da digirin da za su iya samu suna gida ba. Bayan tashinta ma ba ta huta ba, domin an daɗe ana hana waɗanda suka karanta shari'a a cikinta shiga Makarantar Horar da Lauyoyi, a kan cewa karatun wasiƙa ne. Obasanjo da kansa ya shiga ya zama ɗalibinta har ya kai ga digirin dakta, a 2018 kuma, lokacin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ke shugabancinta, aka gyara dokarta don a daidaita ta da sauran jami'o'i. Wanda ya sa hannu a gyaran shi ne Shugaba Muhammadu Buhari, watau mutumin da ya rufe ta shekara talatin da huɗu kafin nan.

To, mu zo kan kalmar kiredit, wadda ita ce gindin matsalar ɗalibina. Kiredit mudu ne na auna karatu. Asalinsa daga Amurka yake, inda tun a ƙarni na 19 Jami'ar Harvard ta bar ɗalibi ya zaɓi darussansa, sai aka bukaci hanyar da za a ce wannan darasi ya yi daidai da wancan a nauyi. A Nijeriya Hukumar Kula da Jami'o'i ta shimfiɗa wannan tsari ga dukkan jami'o'i a 1989: lacca ta awa ɗaya kowane mako har mako goma sha biyar ita ce kiredit ɗaya, digiri na shekara huɗu kuma ba ya kasa kiredit 120. Amfanin mudu shi ne a auna a wannan kasuwa a karɓa a waccan. Ƙasashen Turai sun yi haka, sun tsayar da kiredit 60 a matsayin karatun shekara guda, har ɗalibi yana iya yin zango ɗaya a Faransa ya kai sakamakon Jamus a lissafa masa. Na ga wannan da idona lokacin da nake karatun digirina na uku a waje: wata mata mai aikin jinya, abokiyar zamana a laburare, ta haɗa digirinta ne daga jami'o'i uku cikin shekara tara, tana aiki tana raino. Mu kuwa mun ɗauki mudun mun bar kasuwar. Kowace jami'a tana auna wa kanta, amma da wuya ta yarda da awon maƙwabciyarta, balle na wata jami'a da ke bayan teku.

Gajerun kwasa-kwasan intanet sun zo ne suka tarar da mu a haka. A 2011 wasu malamai biyu na Jami'ar Stanford, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe darasinsu ga duk duniya kyauta, mutum kimanin 160,000 suka yi rajista, kimanin 23,000 suka kai ƙarshe. A 2012 aka kafa Coursera da edX. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ita Stanford ɗin ba ta ba waɗancan dubbai kiredit ko ɗaya ba, takardar yabo kawai malaman suka ba su. Har yau akasarin irin waɗannan kwasa-kwasai shaidar kammalawa suke bayarwa, wadda jami'ar da sunanta ke kai ma ba lalle ta lissafa ta a digirinta ba. Akwai waɗanda aka tsara musamman don kiredit, kamar shirin da MIT ta sanar a 2015, inda wanda ya ci jarrabawa mai tsaro zai iya neman shiga digiri na biyu a rage masa zango. Amma waɗannan sun fi tsada, kuma da dala ake biya. Saboda haka ofishin da ya mayar wa ɗalibina takardunsa bai zalunce shi ba ta fuskar doka, ko da yake ina ganin ya yi asarar ma'aikaci mai himma. Kawuna ya fi shi sa'a, domin a zamaninsa an raba koyarwa da jarrabawa: ka yi karatu inda ka ga dama, ka zo ka zauna jarrabawar da kowa ya amince da ita.

Rufe makarantu saboda annobar korona a 2020, da yajin aikin malaman jami'a na wata tara a wannan shekara da na wata takwas a 2022, sun tura dubban ɗalibanmu ga karatun intanet ko suna so ko ba sa so. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar karatu daga nesa mai ba da digiri, a 2023 kuma an ba wasu buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu lasisi, cikinsu har da Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato. Duk waɗannan cikakken digiri suke sayarwa. Abin da na ke kira ga majalisun jami'o'inmu su duba shi ne su yarda mutum ya yi rajistar kwas ɗaya tak, ya biya kuɗinsa shi kaɗai, ya zauna jarrabawarsa a zauren da aka tsare, a rubuta masa kiredit biyu ko uku a ajiye da sunansa, ya dawo baɗi ya ƙara, wata jami'a kuma ta karɓa in ya kai mata. Ma'aikacin da albashinsa ba zai ɗauki kuɗin zango guda ba, zai iya ɗaukar na kwas ɗaya.

Kafin a kai ga haka, shawarata ga ma'aikatan da ke wannan zaure ita ce, kada ku biya ko kwabo sai kun sami amsa a rubuce daga wurin da za ku kai takardar, ba daga wurin mai sayar da kwas ɗin ba, cewa za a lissafa ta. Shi dai ɗalibina ya haƙura ya yi rajista a Jami'ar Karatu Daga Gida, ya faro daga aji ɗaya. Ayyukan gwaji yana yinsu a waya yana Kudenda, amma ranar jarrabawa sai ya yi sammako ya bi titin Nnamdi Azikiwe har Kawo, ya sake mota zuwa hanyar Zariya, ya zauna gaban kwamfuta da katin shaidarsa a hannu. Ya ce mini biyu daga cikin darussan zangon farko ya riga ya san su tun daga waɗancan kwasa-kwasai biyar, har yana koya wa abokan karatunsa.