Inda Dogo Ya Tsaya, Mota Ta Ɗauka

A shekarar 1929 ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta iso Ƙauran Namoda. Nan dogo ya ƙare. To, amma gyaɗa da audugar da Turawa ke nema ba a bakin tasha ake noma su ba, suna can ƙasar Zurmi da Shinkafi da ƙauyukansu. Jakai da raƙuma ne suka fara wannan jigila, kafin mota ta karɓe ta sannu a hankali.

Wace irin mota? Masu tarihi sun fi ambaton manyan loruri, mu kuwa muna ganin ƙaramar mota aka danne wa haƙƙi. Hanyoyin lokacin na rani ne, ga yashi, ga gulabe irin su Gagare da Bunsuru. Babbar mota in ta kafe sai an tara gari. Ƙarama kuwa, irin Ford Model T da aka ƙera a Amurka daga 1908 zuwa 1927, ba ta da nauyi, ga tsawon ƙafa, majiya ƙarfi kaɗan sun isa su turo ta. Irin wannan sauƙi ne ya buɗe wa ’yan ƙasa sana’ar mota a Afirka ta Yamma.

Daga baya Fijo ta gaje ta. Ƙirar 404 ta cinye tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyi masu kama da namu. Ita 504 ta ci nata a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna. Direbobinmu ba su jira labarin tsere ba. Duk wanda ya taɓa ganin a-kori-kura ta doshi kasuwar Shinkafi ran Alhamis, buhuna a ƙasa, mutane a bisa, yaron mota na lilo a baya riƙe da weji, ya san jarrabawar da ta ci.

Da ita ’yan kamasho da makanikai da masu faci suka samu abinci. Yau jirgi ya daina zuwa Ƙaura yadda ya saba, ’yan bindiga kuma sun sa direba na fargabar hanyar Zurmi tun kafin la’asar. Tsofaffin direbobin Fijo suna ta ƙarewa, mu marubutan yankin har yanzu ba mu zauna da su mun ɗauki labarinsu ba.