Gidan Ƙasa da Gandu a Tarihin Ƙasar Daura

Galibin masu rubuta tarihin Daura sukan tsaya ga rijiyar Kusugu da labarin Bayajida da jerin sarakuna. Ko littafin M. G. Smith na 1978, The Affairs of Daura, sha'anin sarauta ya fi bi. Amma akwai wani tarihi da ba a cika kula da shi ba, watau na gidan manomi da gonarsa. Nufina a wannan takarda in nuna cewa ginin ƙasa da gandu tare suka rayu, kuma raunin gandu ne ya fara raunana ginin.

Mu fara da ginin kansa. Da an gama kaka, sai magidanci da 'ya'yansa su haƙo ƙasa daga kududdufi, su jiƙa ta, su zuba mata ciyawa, su tattake. Daga nan a murza tubali da hannu, a shanya shi a rana ya bushe. Magini yakan hau bango, ana jefa masa tubali yana cafewa yana jerawa. Gindin bango yakan yi kauri, samansa ya tsuke. Rufi kuwa da azara ake yi, wadda ake tsagowa daga giginya, domin gara ba ta cika cinta ba. Sa'an nan a yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a sa indararo ya fid da ruwa nesa da bango. Ba kowa ke da halin soro ba. A ƙauyuka mutane da yawa ɗakin jinka da dangar kara suke yi, su gina rufewa ta ajiyar hatsi.

Har wa yau kalmomin suna ba da nasu labari. Masana harshe suna danganta "tubali" da kalmar Larabci "tub", wadda daga gare ta Sifaniyawa suka sami "adobe". Wannan ya nuna daɗewar hulɗa da mutanen arewacin Sahara. "Siminti" da "bulo" kuwa daga Ingilishi suka shigo, a zamanin Turawa.

To, ginin ƙasa yana da sharaɗi guda: dole a gyara shi kowace shekara kafin faɗuwar damina. In an yi sakaci shekara biyu ko uku, ruwa ya zaizaye yaɓe, soro ya fara yoyo, bango ya tsage. Wannan aiki kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan gandu ya shigo. Gandu shi ne uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, su noma gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya, uban ya biya musu haraji, ya ba kowa gayauna ta kansa. Polly Hill ta bayyana wannan tsari a littafinta na 1972, bisa binciken da ta yi a Batagarawa kusa da Katsina. Hannuwan da suka noma gero da dawa da wake da damina, su ne suke cuɗa ƙasa da rani. Gona tana ba gida kara da ciyawa, gida yana mayar mata da toka da takin dabbobi.

Wannan zama ya tsallake canjin sarauta. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura a jihadi, zuriyar sarakunan Hausa suka koma Zango da Baure, har Turawa suka maido da sarauta ga Malam Musa. Duk wannan bai canza yadda talaka ke gina ɗakinsa ba. Abin da ya canza shi kuɗi ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, haraji ya zama na tsabar kuɗi. Saurayi ya ga yana iya samun abin kansa ba sai ta hannun mahaifinsa ba. Cin rani ya ƙaru, kuma lokacinsa shi ne lokacin gyaran gida. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da kuɗin man fetur da suka biyo baya, suka ƙara jan matasa birane. Mutumin da ba shi da masu yi masa yaɓe, dole ya nemi kwano da bulo, ko da ɗakin zai yi zafi da bazara ya yi sanyi da hunturu, abin da soro ba ya yi.

Saboda haka duk mai son farfaɗo da ginin ƙasa a Daura, sai ya fara tambayar wa zai riƙa gyara shi. Mu kuma ɗaliban Hausa, wajibi ne mu zauna da tsofaffin magina, mu rubuta kalmominsu da hanyoyin aikinsu tun suna raye. Allah ya ba mu iko.