Mumbari da Akwatin Zaɓe: Ina Iyakar Tasirin Fastoci a Siyasar Nijeriya?

Tun da Ebenezer Obadare ya fitar da littafinsa Pentecostal Republic a 2018, wani ra'ayi ya zauna daram a bakin masu nazarin addini da siyasa a ƙasar nan, har ya soma shiga kundayen ɗalibanmu ba tare da an tsaya an auna shi ba. Ra'ayin kuwa shi ne, Jamhuriya ta Huɗu da aka kafa a 1999 manyan fastocin Pentikostal ne ke riƙe da linzaminta: su ke sa wa mai mulki albarka, su ke fassara wa talaka abin da ke faruwa da shi, kuma duk mai neman kujerar Abuja sai ya bi ta ƙofarsu. A ganina an kai maganar nesa. Tasirin yana nan, ba mai musunsa, sai dai ba a inda aka fi nunawa yake ba, kuma mai kallon al'amarin daga Katsina yana hango abin da ke ɓuya ga mai kallonsa daga babban titin Legas zuwa Ibadan, inda sansanonin addu'a suka jeru.

Asalin lamarin sananne ne ga abokan aiki: kafa ƙungiyar Kiristocin Nijeriya ta CAN a 1976, taƙaddamar shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986, rikicin Kafancan na 1987 da tartsatsinsa ya iso Funtuwa da Katsina, tarzomar zuwan mai wa'azi Bonnke a Kano a 1991, sai dawowar shari'a daga 1999 (Kukah, 1993, Falola, 1998, Marshall, 2009). Ba sai na maimaita ba.

Mu fara da ƙuri'a, tunda ita ce ma'aunin da ba ya son kai. A 2011 Muhammadu Buhari ya ɗauki Fasto Tunde Bakare mataimaki a jam'iyyar CPC. Bakare ba ƙaramin mai wa'azi ba ne, Bayarabe ne mai coci a Legas da mabiya ta talabijin, amma tikitin bai ci jiha ko ɗaya a ƙasar Yarabawa ba; Goodluck Jonathan ya kwashe biyar, Nuhu Ribadu ya ɗauki Osun. A 2015 Goodluck Jonathan, wanda duniya ta ga hotonsa a durƙushe gaban Fasto Enoch Adeboye a 2010, kuma shugaban CAN na lokacin, Ayo Oritsejafor, yake kusa da shi ƙwarai, ya faɗi da ratar ƙuri'a sama da miliyan biyu da rabi. A watan Yunin 2022, wajen zaɓen fid da gwani na APC, Bola Tinubu ya sami ƙuri'a 1,271, Yemi Osinbajo, mataimakin shugaban ƙasa mai ci a lokacin kuma fasto a cocin Redeemed, ya sami 235. Bakare, wanda ya sha faɗa daga kan mumbari cewa shi ne shugaban ƙasa na goma sha shida, bai sami ko ɗaya ba. Wata ɗaya bayan nan, ran 10 ga Yuli, Tinubu ya zo Daura gaisuwar Sallah, a nan ya bayyana Kashim Shettima a matsayin abokin takararsa. CAN ta yi tir, manyan majami'u suka ɗauki zafi wata da watanni, duk da haka tikitin Musulmi da Musulmi ya ci da ƙuri'a kusan miliyan 8.8, har da jihar Binuwai da Kirista suka fi rinjaye. Da a ce fastoci ne ke naɗa shugaba, da wuya a jera irin wannan faɗuwa sau huɗu cikin shekara goma sha biyu.

Obadare ba zai rasa amsa ba, kuma amsarsa tana da nauyi. Shi bai ce fasto yana da ƙuri'u a aljihu kamar mai unguwa ba. Abin da yake nufi, gwargwadon yadda na fahimce shi, shi ne cewa Pentikostal ta sauya harshen da ake yin siyasa da shi: mulki ya koma zancen shafewa da annabci da yaƙi da aljanu, an mai da tsira daga kurkukun Abacha da Obasanjo ya yi wata alama daga sama, an gina majami'a a fadar Aso Rock, kuma har ɗan takara Musulmi ya gane cewa sai ya nemi fasto a gefensa. A wannan ma'auni, ɗaukar Bakare da Osinbajo da Buhari ya yi hujja ce gare shi, domin mutumin Daura da ake yi wa kallon mai tsaurin addini sau biyu yana zuwa neman tabarraki a wurinsu. Zai kuma ƙara da cewa faɗuwar Jonathan ba faɗuwar fastoci ba ce, rabuwar kawunansu ce, wasu suka bi wannan wasu suka bi wancan.

Akwai gaskiya a ciki, amma ina da ja a wuri uku. Na farko, haɗa Musulmi da Kirista a tikiti ya girmi Pentikostal a siyasarmu. Shagari da Ekwueme suka yi a 1979, Buhari kansa ya ɗauki Chuba Okadigbo a 2003 da Edwin Ume-Ezeoke a 2007, ba kuwa fastoci ba ne. Osinbajo kuma lauya ne da ya riƙe wa Tinubu kwamishinan shari'a na Legas daga 1999 zuwa 2007. Ta hannun ubangidansa na siyasa ya shigo, kuma ranar da ya ja da ubangidan, rigar fasto ba ta cece shi ba. Na biyu, hujjar da take cin nasara idan ɗan takarar fastoci ya ci, ta kuma ci nasara idan ya faɗi saboda wai sun rabu, ta fita daga abin da za a iya gwadawa. Rabuwar ma ba sabuwa ba ce: cocin Katolika ta janye jiki daga harkokin CAN na ƙasa a zamanin Oritsejafor, kuma huɗubar da ta fi kowace girgiza Jonathan, ta daren 31 ga Disambar 2014, daga bakin Fada Ejike Mbaka ta fito, limamin Katolika a Inugu. Na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini. Littafin ya ɗauki mulkin Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko da da alamar tambaya, kamar ɗan ratsen Musulmi a tsakiyar labarin da ba nasa ba. To daga 2007 zuwa yau, in aka cire shekaru biyar na Jonathan, Musulmi ne ke mulki, biyu daga cikinsu 'yan jihar nan ta Katsina. Harshen addini da Obadare ya ji a siyasa gaskiya ne, amma ba daga coci kaɗai ya taso ba. Tafsirin azumi da huɗubar Juma'a da malaman Izala da na ɗariƙu suna yin nasu aikin a wannan ɓangare, kuma nazarin da ya saurari kunne ɗaya zai ɗauka murya ɗaya ce ke tashi.

To ina tasirin yake? Ina ganin ya fi bayyana wajen hanawa. A watan Janairun 2017, bisa wata ƙa'ida ta hukumar kula da rahotannin kuɗi da ta ƙayyade wa shugabannin ƙungiyoyin da ba na riba ba wa'adin shekara ashirin, Adeboye ya sanar da naɗa wani ya riƙe cocinsa a Nijeriya. Ba a rufa mako ba gwamnatin Buhari ta sallami shugaban hukumar, Jim Obazee, aka jingine ƙa'idar. Wannan ƙarfi ne na gaske, kuma a ƙarƙashin shugaba Musulmi aka nuna shi. Haka a shekarar ce matsin lambar CAN ya taimaka aka raba darasin addinin Kirista da na Musulunci daga haɗakar da aka cusa su a manhajar makarantu. Amma a duba inda hanawar ta gaza: CAN ta yi adawa da bankin Musulunci a zamanin Sanusi Lamido Sanusi a Babban Banki, bankin Jaiz ya buɗe a 2012, ta yi adawa da sukuk a 2017, aka sayar aka gina hanyoyi da kuɗin. Abin da za a iya fitarwa a nan, cikin taka-tsantsan, shi ne fastoci suna iya kare gidansu daga hannun hukuma, amma ba sa iya hana ɗaya ɓangaren samun nasa. Babbar nasararsu ta doka kuwa, wato haramta auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 da hukuncin shekara goma sha huɗu, ba tasu ba ce su kaɗai. Shugabannin Angilikan tun daga Peter Akinola sun goyi bayanta, bishop-bishop na Katolika sun yaba, malaman Musulunci ba su da ja. Inda mumbarin coci da na masallaci suka haɗa baki, majalisa ba ta da ta cewa.

Akwai kuma wani tasiri da ban ga an ba shi haƙƙinsa ba, wanda sai a wuri irin Ƙofar Durbi ta birnin Katsina ake ganinsa. A majalisar da ake zama bayan la'asar, gefen mai shayi, wayar mutum ɗaya ce ke zagaya hannu biyar. Abin da ake kallo guntun bidiyo ne na minti ɗaya ko biyu, fasto cikin kwat yana ɗaga murya da Turanci, an ɗora masa fassarar Hausa a ƙasa ko wani ya yi sharhi a kansa. Ba wanda ya ji farkon huɗubar, ba wanda zai ji ƙarshenta. Mai wayar ya ce, "Alhaji, ka ji fa abin da suke faɗa a kanmu," dattijon ya mayar da wayar ya ce Allah Ya kyauta, maganar ta zauna. Irin wannan ya faru da kalaman Fasto Johnson Suleman na Janairun 2017 a kan kashe makiyayin da aka gani kusa da cocinsa, waɗanda daga baya ya ce kare kai yake nufi. Ya sake faruwa a 2022 da 2023 da huɗubobin adawa da tikitin Tinubu. Mai wa'azi yana magana da jama'arsa a Auchi ko Ota, amma yana da wasu masu sauraro a nan da bai san da su ba, kuma abin da ya faɗa don ya haɗa kan nasa shi ne ɗan siyasar wannan ɓangare ke ɗauka ya haɗa kan nasa.

Sai dai a nan dole in rage da'awata zuwa abin da hujja za ta ɗauka. Da wannan martani ne ke juya ƙuri'a kai tsaye, da Katsina ta yi wa tikitin Musulmi da Musulmi ruwan ƙuri'u a 2023. Ba haka aka yi ba: Atiku Abubakar, da mataimakinsa Kirista, shi ya ci jihar da 'yar rata ta dubbai kaɗan, a daidai lokacin da ƙarancin takardun naira da ta'asar 'yan bindiga suka gallabi mutane. Saboda haka abin da zan iya tsayawa a kai ya fi ƙanƙanta. Waɗannan bidiyoyi suna sauya abin da maƙwabci ke zato game da maƙwabcinsa fiye da yadda suke sauya inda yake dangwala yatsa. A ɗaya ɓangaren ma dole a yarda cewa huɗuba ta taimaka wa Peter Obi, wanda ya sami sama da miliyan shida ya kuma ci Filato da Nasarawa da Abuja, ko da yake raba rabon coci da rabon fushin matasa da na ƙabila a cikin wannan adadi aiki ne da sai an bi rumfa-rumfa.

Wanda zaton nan yake faɗawa kansa kuwa shi ne mutumin da littafin Obadare bai waiwaya ba sosai, wato Bahaushe Kirista. Jihar nan tana da su tun zamanin da mishan na SIM suka buɗe asibitin kutare a Babbar Ruga a shekarun 1930 (Shankar, 2014), kuma suna nan a ƙasar Malumfashi da Ƙafur, suna noma, suna waƙoƙin sujada da Hausa a ECWA da Katolika da Angilikan. A 2023 aka yanki dayosis ɗin Katolika ta Katsina daga ta Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi, bishop ɗinta na farko. Abin da ke damun waɗannan mutane shi ne filin gina majami'a, malamin addininsu a makarantar gwamnati, gurbin aiki, da tsaron hanyar gona, kuma duk waɗannan a wurin hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da gwamna ake samun su, ta hanyar zaman lafiya da mutunci. Fasto mai jirgin sama ba ya cikin wannan ciniki, amma idan ya yi ɓarin baki su ake kallo a kasuwa. Ba ina cewa koke-koken masu wa'azi ƙage ba ne. Leah Sharibu tana hannun masu tayar da ƙayar baya tun 2018, an kashe Rabaran Lawan Andimi a 2020, an kashe Deborah Samuel a Sakkwato a 2022, kuma duk wanda ya rage nauyin waɗannan ya zalunci gaskiya. Amma 'yan bindigar da suka kwashe ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 'ya'yan Musulmi suka kwashe, kuma manomin Kirista na kudancin Katsina ya san dajin da ke cin maƙwabcinsa shi ke cin sa.

Fage ɗaya ne nake ganin ra'ayin Obadare zai iya samun ƙarfin da bai samu a akwatin zaɓe ba, shi ma a wajen ƙasa yake. Amurka ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da take zargi da tauye 'yancin addini a Disambar 2020, ta cire ta a Nuwambar 2021, Trump ya mayar da ita a ƙarshen Oktoban 2025, bayan shekaru na kamun ƙafa daga ƙungiyoyin Kirista masu ra'ayin riƙau na can da shaidar limamai daga nan, irin su Bishop Wilfred Anagbe na Makurdi da ya yi magana a gaban majalisar dokokin Amurka. A nan ma ba Pentikostal na titin Legas zuwa Ibadan ne a gaba ba. Limaman Tsakiyar Nijeriya ne, waɗanda ke binne mabiyansu, tare da masu wa'azin Amurka da ke da ƙuri'un da jam'iyyar Trump ke buƙata. Gwamnatin da ta ci zaɓe duk da adawar CAN a 2023 ita ce ta koma tana aika tawaga Washintan don ta kare kanta daga zargin da ya fara daga mumbari.